Huɗu 'yan gida, na biyar baƙo: yadda faifai ya raya kiɗan da aka ƙi saya a hannun Schubert

A farkon watan Oktoba na shekarar 1828, wani matashi ɗan shekara 31 da ke raɓe a gidan yayansa a gefen birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ya aika wa wani mai ɗab'in takardun kiɗa da ke Leipzig wasiƙa yana tallan hajarsa. Ya lissafa waƙoƙi, ya lissafa manyan kaɗe-kaɗen fiyano guda uku, sannan ya ambaci wani sabon kiɗa da ya tsara wa goge biyar. Mai ɗab'in, wani mai suna Probst, bai nuna sha'awar na goge biyar ɗin ba. Shi dai waƙoƙi yake so, da ƙananan kaɗe-kaɗen fiyano masu saurin ƙarewa a kasuwa. Ranar 19 ga Nuwamba, mako bakwai bayan wasiƙar, matashin ya mutu. Sunansa Franz Schubert, a baki kuma Shubat ake cewa.

Kiɗan nan ya yi shekara 22 yana kwance a takarda kafin a kaɗa shi a gaban jama'a, a Biyana, cikin 1850. Sai 1853 aka buga shi ya shiga kasuwa. A yau kuwa, in ka tambayi masu sauraron irin wannan kiɗa su zaɓi guda ɗaya tak daga cikin abin da aka tsara wa goge a ƙarni na 19, da yawansu nan za su nuna. Gidan rediyon BBC na da wani tsohon shiri na Turanci tun 1942, inda ake tambayar baƙo faya-fayai takwas da zai tafi da su in aka jefar da shi a tsibirin da ba kowa. Wannan kiɗa na cikin waɗanda aka fi zaɓa a tarihin shirin.

To me ke cikinsa? Kuma cikin tarin faya-fayan da aka naɗa tun zamanin garmaho zuwa na wayar hannu, wanne ne ya cancanci mutum ya ƙona masa data?

Kiɗan ɗaki

Da fari dai bari mu raba gardama kan suna. Masana kiɗan Turai na kiran mafi yawan ƙarni na 19 da zamanin Romantik, kuma kalmar kan ruɗi mutane su zaci maganar soyayya ce ta saurayi da budurwa. Abin ya fi haka faɗi. Lokaci ne da masu tsara kiɗa suka rage damuwa da faranta wa sarakuna da attajirai, suka koma fitar da abin da ke ƙirjinsu, kama daga kewa da tsoron mutuwa har zuwa murnar da ba ta da dalili.

Shi kuma kiɗan ɗaki, sunansa ya faɗi aikinsa. Mutum uku ne, ko huɗu, ko biyar, kowa da abin kiɗansa da layinsa shi kaɗai, babu madugu da sanda a gaba yana ba da umarni. Da ido da numfashi suke fahimtar juna. Schubert a cikin wannan ya taso: mahaifinsa malamin makaranta ne da ke riƙe babban goge, yayyensa biyu suna kan ƙananan, shi kuma yana kan na tsakiya, suna yi a gida. Da ya girma ma, yawancin abin da ya tsara a majalisar abokai aka fara jinsa, a falon wani ko wata. Sau ɗaya tak a rayuwarsa aka shirya taron jama'a na kaɗe-kaɗensa zalla, a watan Maris na shekarar da ya mutu.

Gogen Turawa dangi ne. Akwai biyolin, ƙaramin da ake ɗorawa a kafaɗa, mai siririyar murya. Akwai biyola, wadda ta ɗan fi shi girma da kauri. Sai celo, wanda ake kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi, muryarsa kamar ta babban mutum. Kowanne tsirkiya huɗu gare shi, ana goga su da baka mai gashin wutsiyar doki, kamar dai namu gogen. Rukunin da aka saba shi ne na mutum huɗu: biyolin biyu, biyola ɗaya, celo ɗaya. Irin waɗannan rukunai kan zauna tare shekara da shekaru, su yi suna ɗaya, su ci abinci daga tukunya ɗaya. In mai tsarawa na son mutum na biyar, galibi biyola yake ƙarawa, kamar yadda Mozart ya yi. Schubert sai ya ƙara celo, hanyar da Boccherini ɗan Italiya ya bi tun kafin shi.

Wannan zaɓi nasa shi ne tushen duk labarin faya-fayan. Ba kasafai ake samun tsayayyen rukuni mai celo biyu ba. Saboda haka duk lokacin da za a kaɗa wannan kiɗa, sai mutum huɗun da suka san halin juna ciki da bai sun buɗe ƙofa sun karɓi baƙo. Kuma baƙon ba a bakin ƙofa zai tsaya ba, don Schubert ya danƙa wa celo biyun nan zuciyar kiɗan. Minti biyu ko uku da farawa, sauran gogen kan ja baya su bar su su biyu suna rera wani amo tare, kafaɗa da kafaɗa, kamar tagwaye. In ɗan gida da baƙo ba su jitu ba, a nan take asiri ke tonuwa. Ni a ganina, wannan shi ne ma'aunin da ya fi dacewa a auna kowane faifai da shi: yaya aka karɓi baƙo, kuma shi yaya ya zauna?

Zamanin kakin zuma

A 1935 wani rukuni daga Belgium mai suna Pro Arte ya naɗi kiɗan wa kamfanin HMV, mai tambarin karen nan da ke leƙen bakin garmaho, wanda dattawanmu suka sani sarai. Baƙonsu shi ne Anthony Pini, makaɗin celo da ke aiki a Landan. Ka tuna yadda naɗi yake a lokacin. Allura ce ke sassaƙa sauti kai tsaye a kan farantin kaki, fuska ɗaya ba ta wuce minti huɗu da rabi, kuma babu maganar gyara. Wanda ya yi kuskure a minti na huɗu ya jawo wa kowa sake farawa a kan sabon faranti. Kiɗan da ya haura minti 40 sai an datsa shi kusan gida goma, makaɗa su tsaya cak a tsakiyar magana, a sauya faranti, su ci gaba da irin zafin da suka tsaya da shi. Mai saya ma haka zai yi ta tashi yana juya faifai.

Duk da ƙarar shuuu da ke rakiyar tsofaffin faya-fayan nan, akwai abin da kunnen da ya saba da goge zai gane a cikinsu nan da nan. Makaɗan wancan zamani kan zame yatsa a kan tsirkiya daga wannan amo zuwa wancan, sautin ya ja kamar muryar mai kuka. Daga baya makarantun kiɗa suka ɗauki wannan a matsayin ƙauyanci, aka koma son kowane amo ya fito tsaf shi kaɗai. An samu tsafta, amma an yi asarar wani abu da ya fi kusa da muryar ɗan Adam.

'Yan Pro Arte kansu ba su daɗe suna 'yan gida ba. Ranar 10 ga Mayu 1940 suna garin Madison na jihar Wisconsin a Amurka suna wasa, labari ya iso cewa sojojin Jamus sun shiga Belgium. Hanyar gida ta toshe ke nan. Jami'ar garin ta riƙe su, suka zama makaɗanta, kuma har yau rukuni mai wannan suna yana can, duk da cewa an sauya mutane sau da dama.

Abin mamaki, wannan ƙaddara ta gudun hijira sai ta yi ta bibiyar kiɗan. Ko lambar da ake nemansa da ita, D 956, daga hannun ɗan gudun hijira ta fito. Harafin D na Otto Erich Deutsch ne, masani Bayahude ɗan Biyana da ya tsere wa 'yan Nazi a 1939 ya zauna a Cambridge ta Ingila, inda ya jera ayyukan Schubert bi da bi ya ba kowanne lamba, aka buga littafin a 1951.

Prades, inda babu ɗan gida

Faifan da ya fi kowanne suna an naɗe shi ne a 1952 a Prades, wani ɗan ƙaramin gari a kudancin Faransa, gindin duwatsun da suka raba ta da Sifen. Dalilin da ya kai manyan makaɗan duniya wannan lungu mutum ɗaya ne, Pablo Casals.

Casals ɗan yankin Kataloniya ne, kuma a zamaninsa ba a haɗa shi da kowa a celo. Da Janar Franco ya ci yaƙin basasar Sifen a 1939, sai ya tsallaka iyaka ya zauna a Prades, inda mutane ke jin yarensa, yana taimakon 'yan ƙasarsa da ke sansanonin gudun hijira. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya sa rai ƙasashen da suka kayar da Hitler za su kawar da Franco. Da ya ga sun bar shi a kan kujera, sai ya yi rantsuwa ya daina wasa a ƙasashen da suka amince da gwamnatinsa. Aka yi ta zuwa da tayin kuɗi, dattijo ya ce a kai kasuwa. Wani makaɗin biyolin, Alexander Schneider, shi ya samo dabara: tunda ba zai fito ba, to a je a same shi. A 1950 aka fara bikin kiɗa na Prades, albarkacin cika shekara 200 da mutuwar Bach, kamfanin Columbia na Amurka kuma ya kwaso na'urorinsa ya biyo baya.

Mutum biyar ɗin da suka zauna wa kiɗan Schubert a 1952 su ne Isaac Stern da Schneider a biyolin, Milton Katims a biyola, Casals da Paul Tortelier Bafaranshe a celo. Babu tsayayyen rukuni a nan. Kowa gwani ne mai cin gashin kansa, kowa daga wani wuri ya zo, shi kansa mai masaukin baƙo ne a garin. Casals na da shekara 75, Stern bai fi 32 ba.

A ƙa'ida bai kamata abin ya yi kyau ba, kuma in ana maganar tsafta, bai yi ba. Akwai wuraren da ba su faɗa kan amo lokaci guda ba. Akwai inda wani ya danne wani. Casals mutum ne mai gurnani in kiɗa ya kai masa, kuma makirfo ba ya rufa wa kowa asiri. Sautin ma ta kafa ɗaya yake fitowa, don ba a fara sayar da sitiriyo ba tukuna. Amma fa, ka saurari babi na biyu. Ba su ja shi da nawa ba kamar yadda na bayansu suka riƙa yi, tafiya suke kamar masu rakiyar gawa da ba su son rana ta faɗi. Da guguwar tsakiyar babin ta taso, za ka ji kamar tsirkiya za ta tsinke. Mutane ne da ba su saba da juna ba, dole kowa ya kasa kunne da gaske, don bai san abin da na kusa da shi zai yi ba. Wannan ɗar-ɗar ɗin ya shiga faifai, kuma shekara 70 da ɗoriya bai fita ba.

Casals ya mutu a 1973 a Puerto Rico, shekara biyu kafin Franco. Sai 1979 aka mayar da gawarsa garin haihuwarsa, El Vendrell.

Kada dai mai karatu ya ɗauka wahala ce ke sa kiɗa daɗi. Shekara guda kafin na Prades, a 1951, wasu mutum huɗu da ke cin abinci a masana'antar finafinan Amurka sun naɗi nasu wa kamfanin Capitol. Sunan rukuninsu Hollywood, sunan da ya sa masu ji da kansu a Turai suka riƙa taɓe baki. Jagoransu Felix Slatkin shi ne kan gaba a makaɗan kamfanin 20th Century Fox, matarsa Eleanor Aller ita ce babbar mai celo a Warner Brothers. Da rana su yi wa fim kiɗa, in an tashi su koma nasu. Baƙonsu Kurt Reher ɗan gari ne, abokin sana'a. Faifansu santsi gare shi, babu gurnani, babu tuntuɓe, kuma babu sanyin jiki. Da aka sake fitar da shi a CD ya ci kyautar mujallar Gramophone ta Birtaniya a 1994. Aikin situdiyo na kullum ya koya musu abu ɗaya: in jar fitila ta kama, ba a wasa.

Shekara arba'in ba sauyi

In Prades taron baƙi ne, rukunin Amadeus kishiyarsa ne. Uku daga cikinsu, Norbert Brainin da Siegmund Nissel da Peter Schidlof, yara ne Yahudawa da suka bar Biyana bayan Hitler ya haɗiye Ostiriya a 1938. Suka isa Ingila suna murna sun tsira, yaƙi na ɓarkewa hukuma ta ce ai su 'yan ƙasar abokan gaba ne, aka tsare su a sansani, har da na tsibirin Man. A tsare ɗin nan suka san juna. Da aka sake su, wani malamin biyolin mai suna Max Rostal ya koyar da su bai karɓi ko sisi ba. Schidlof ya haƙura da biyolin ya koma biyola don rukuni ya cika, suka samu Bature ɗan Ingila, Martin Lovett, a celo. Wasansu na farko a Landan ya kasance a watan Janairun 1948.

Daga nan har 1987 ba su sauya mutum ko ɗaya ba. Da Schidlof ya mutu a shekarar, sauran ukun suka ce ba za su sa wani a kujerarsa ba, suka rufe rukunin.

Faifansu na 1965 na kamfanin Deutsche Grammophon, baƙonsu William Pleeth ne, malamin da ya koyar da shahararriyar nan Jacqueline du Pré. A nan za ka ji yadda gida mai tsari ke karɓar baƙo. Pleeth ya shige cikinsu har ba ka iya nuna inda aka yi ɗinki. Abin da wasu ke kuka da shi, kuma ina ganin da gaskiyarsu, shi ne Brainin na da zaƙin hannu da yawan karkarwar yatsa, wani lokaci sukarin kan yi yawa. Amma babi na ƙarshe, wanda rawa ce irin ta gidajen shaƙatawar Biyana haɗe da ɗanɗanon Hungary, a hannunsu yake zama daidai. Garinsu ne ai, ko da ya kore su.

Baƙon da ya fi mai gida

To in baƙon ya fi masu gida suna fa? Mstislav Rostropovich na Tarayyar Sobiyet ya shiga wannan matsayi fiye da sau ɗaya. Laifinsa a wurin hukumar ƙasarsa shi ne ya ba marubuci Solzhenitsyn masauki a gidansa na bayan gari lokacin da kowa ke gudunsa. Aka riƙa soke masa wasanni, a 1974 ya bar ƙasar da iyalinsa, a 1978 aka ƙwace masa takardar zama ɗan ƙasa. Tsakanin waɗannan shekaru biyu, a 1977, ya zauna da rukunin Melos na Stuttgart a Jamus suka naɗi kiɗan.

Wannan faifai ya kusa awa guda. Sun maimaita sashen farko na babi na ɗaya kamar yadda Schubert ya rubuta, abin da tsofaffin faya-fayai kan tsallake saboda ƙarancin wuri, sannan suka ja babi na biyu a hankali ƙwarai. Akwai masu cewa a nan aka fi kusantar abin da kiɗan ke nufi. Ni kam nakan ji kamar an tsayar da agogo da gangan, kuma sautin Rostropovich da faɗinsa yakan sa hankali ya koma kansa ko da ba layinsa ba ne a gaba. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Wannan baƙon ruwan sama ne da tsawa.

A 1990, shekarar da aka mayar masa da takardarsa, ya sake naɗa da rukunin Emerson na Amurka. Mai celon rukunin a lokacin, David Finckel, ɗalibinsa ne. Ka ga ɗalibi ya zama mai gida, malam ya zo baƙunta.

Cikin na baya-bayan nan, wanda nake miƙa wa duk mai son farawa shi ne na rukunin Pavel Haas na birnin Prague, wanda kamfanin Supraphon ya fitar a 2013, da Danjulo Ishizaka a celo na biyu. Sun ɗauki sunan ne daga wani mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Cek da aka kashe a Auschwitz a 1944. Naɗin zamani ne, kana jin inda kowane mutum yake zaune, daga hagu zuwa dama, har da jan numfashinsu kafin su shiga. Matasa ne, suna kaɗawa da ƙarfi ba tare da sun yi wa abin ado ba, baƙon kuma sa'ansu ne, babu mai jin nauyin wani. Shi ma ya ci kyautar Gramophone a 2014. A faifan akwai wani kiɗan na Schubert na goge huɗu, wanda ya tsara a 1824, mai lamba D 810.

Abin da sifikar waya ke cinyewa

Karon farko da na kunna babi na biyu a sifikar waya, na kashe kafin minti uku. Abin da na ji kawai wani siririn biyolin ne yana 'yan gajerun maganganu yana shiru, kamar mai magana shi kaɗai. Ashe rabin kiɗan ne wayar ta haɗiye.

Ga yadda Schubert ya gina wurin. Goge uku na tsakiya, wato biyolin na biyu da biyola da celo na farko, su ke riƙe da ainihin waƙar, suna jan ta a hankali har ka rasa ko tana motsi. A ƙasa, celo na biyu, kujerar da aka saba ba baƙo, ya ajiye baka yana tsunkular tsirkiya da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗigon ruwa daga indararo bayan an ɗauke. A sama kuma biyolin na farko na amsa masa da waɗancan gajerun maganganu. Hira ce tsakanin na sama da na ƙasa, ta kan mutum ukun da ke tsakiya. Ƙaramar sifikar waya ba ta iya fitar da amo mai kauri, saboda haka baƙon ya ɓace gaba ɗaya, aka bar biyolin yana amsa tambayar da ba a ji an yi ba. Iyafis ko da na arha ne yana dawo da shi. Wannan ba ƙawa ba ce, in babu shi gara kada a fara.

Sai kuma lokaci. Kiɗan na cin minti 45 zuwa kusan awa, ya danganta da faifai, babi huɗu ne. Ba dole ne a shanye shi zama ɗaya ba. Fara da na biyu, kusan kwata ne na awa, da dare in gari ya yi shiru. Wajen minti na biyar ko na shida komai zai birkice, amo ya koma duhu, celo na biyu ya riƙa ruri daga ƙasa. In guguwar ta wuce waƙar farko za ta dawo, sai dai yanzu baƙon ya daina ɗigo, yana ta hawa da sauka a ƙarƙashinta kamar wanda hankalinsa bai gama kwanciya ba. Kashegari ka ji wannan babin a wani faifan daban. A nan ne za ka gane abin da ya sa mutane ke tara faifai biyar ko goma na kiɗa ɗaya. Takardar dai ita ce, ba a ƙara ko ɗigo ba, amma na Prades da na Melos kamar mutum biyu ne ke ba ka labarin rasuwa ɗaya.

Nema ba wuya. Rubuta Schubert D 956 a YouTube ko Spotify, ka ƙara sunan rukunin. Wanda abin ya kama shi yana da inda zai zarce: Mendelssohn ya tsara na goge takwas a 1825 yana ɗan shekara 16, Brahms na da guda biyu na goge shida, kuma na farkonsu Casals da Stern da Schneider da Katims sun naɗe shi a Prades a wannan shekarar ta 1952. Dvořák ɗan Cek ya tsara wani na goge huɗu a 1893 lokacin da yake hutu a wani ƙauyen 'yan ƙasarsa a jihar Iowa ta Amurka, kewar gida na cinsa. Wannan ya fi sauƙin shiga kunne a karon farko.

Abu ɗaya da za ka lura da shi in ka kai ƙarshen na Schubert. Babi na huɗu rawa ce, tana ƙara sauri, tana ƙara sauri, har ka tabbata da murna za a tashi. A amon ƙarshe, maimakon a sauka kai tsaye, sai Schubert ya sa wani ɗan amo da ke sama da shi kaɗan ya goge shi tukuna, kamar ƙafa ta zame a matakalar ƙarshe. Wasu rukunai kan wuce shi da sauri, kamar abin kunya. Wasu kan danna shi har sai ya yi ɗaci. Ba ya kai daƙiƙa guda, kuma in zan gwada sabon faifai, can nake fara zuwa kafin in koma farko.